Ina son fara kiwon zuma a lambun mangwaronmu, ta ina zan fara?

Sabon_Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah waɗanda suka san harkar kiwon ƙudan zuma ku taimaka min da shawara. Muna da lambu na gado a bayan gari, ta hanyar Giwa in ka baro Samaru, mangwaro ne ya fi yawa a ciki sai darbejiya da Baba Allah ya jiƙansa ya yi shinge da ita, da wasu tsofaffin ɗorawa guda biyu ta wajen rafi. Duk shekara in mangwaron nan ya yi fure tun daga bakin shinge kake jiyo ƙugin ƙudan zuma, sai nake ta tunani to waɗannan bayin Allah ina suke kai abin da suke kwasa a lambunmu, me zai hana in yi musu gida a nan su zauna.

Ni malamin makaranta ne, ba wai sana'a nake so in mayar da abin ba a yanzu, sha'awa ce kawai, sai kuma Hajiyarmu da ba ta karyawa sai ta sha zuma a ruwan ɗumi, kuma gaskiya wadda muke saya a tasha da ƙofar masallaci ranar Juma'a hankalina bai kwanta da ita ba, wata warin hayaƙi take yi, wata kuma in ta ɗan jima a gora sai ta yi kumfa ta fara tsami har murfin ya kumbura.

To abin da nake son sani, amya irin ta gargajiya zan nema ko wannan akwatin zamani da nake gani a YouTube? Su ƙudan sayensu ake yi ko da kansu suke zuwa? Guda nawa ya kamata mutum ya fara da su, kuma wane wata ake ajiyewa? Sannan abin da ya fi damuna, akwai wata 'yar hanya ta gefen lambun da yara da makiyaya suke bi in za su rafi, ba na so sha'awata ta jawo wa ɗan wani ko dabbar wani wahala. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Mai_Akwati ya rubuta:

Wa'alaikumus salam Malam. Wallahi na ji daɗin tambayarka ta ƙarshe, don yawancin masu shigowa harkar nan lita nawa zan samu suke fara tambaya, kai kuwa haƙƙin mutane ne ya dame ka, to daga nan zan fara nima.

Ƙudan zumar da muke da ita a nan ba irin ta bidiyon Turawa ba ce, da za ka ga mutum ya buɗe akwati da 'yar shat ba ko safar hannu yana ta surutu. Tasu ta Turai ce mai sanyin hali. Tamu zafi gare ta, in ranta ya ɓaci ba ɗaya ko biyu ke fitowa ba, gayya suke yi, kuma su bi mutum da nisa. 'Yan uwansu ne aka ɗauka daga kudanci da gabashin Afirka aka kai Barazil a 1956 don a haɗa iri, shekara na zagayowa wasu suka kuɓuce suka shiga daji, jikokinsu ne suka yi ta bazuwa har suka kai jihar Teksas ta Amurka a 1990, har yau mutanen can tsoronsu suke ji. Ba don in tsorata ka na faɗa ba, don ka san da wa za ka yi hulɗa ne. Saboda haka ka zaɓi lungun da ya fi nisa da wannan hanyar, ni dai ba na yarda in ajiye akwati ƙasa da taku ɗari daga inda mutane ke wucewa, kuma ƙofar akwatin kada ta kalli hanya. Shingen darbejiyar nan zai yi maka amfani sosai, don in suka fito suka tarar da shinge a gabansu dole su yi sama, sai su wuce ta saman kan mutane. Abu ɗaya da ba na wasa da shi, kada a ɗaure dabba kusa, jaki ko akuya ko doki da ke turke ba shi da hanyar gudu, irinsu ne ake yin asara. Ka je ka sami makiyayan da maƙwabtan gona ka gaya musu tun kafin ka kawo akwatin, kada su gani kwatsam.

Maganar wane gida kuwa, ni shawarata ka fara da akwatin Kenya, wato mai sanduna a jere a sama. A Kenya aka yaɗa shi a shekarun 1970 tare da masana daga jami'ar Guelph ta Kanada, kuma don irin yanayinmu aka yi shi. Dogon akwati ne kusan mita ɗaya, sama ya fi ƙasa faɗi, gefunan a karkace don kada su manna saƙa a jikin katako, sai a jera sanduna a sama su zama rufi, kowace sanda su gina saƙa ɗaya a jikinta tana rataye. Ka ga kenan kana iya ɗaga sanda ɗaya ka duba ka mayar ba ka rushe musu gida ba. Ɗayan da kake gani mai hawa-hawa shi ne Langstroth, wani limamin coci ne a Amurka ya yi masa rajista a 1852, yana da kyau kuma ya fi ba da zuma in an iya shi, amma yana son firam-firam da waya da injin tatsa da kafinta mai awo daidai, ga tsada, bai kamaci mai sha'awa da zai fara ba.

Yanzu ga inda kafintoci ke ɓata mana aiki. Faɗin kowace sanda dole ya zama santimita 3.2, ba ƙari ba ragi. Littattafan Turawa za ka ga sun rubuta 3.5, wannan na ƙudansu ne da suka fi namu girman jiki. In sandar ta yi faɗi ko ta yi siriri sai su gina saƙa a gicciye ta haɗe sanduna uku huɗu, ranar da ka zo ɗagawa ta yage, zuma ta zube, su kuma su taso maka. In kafintanka ba shi da abin awo mai kyau ka ba shi sabon murfin kwalbar lemo na ƙarfe wanda ba a lanƙwasa ba, faɗinsa kusan daidai yake da abin da ake so. Katako ya zama busasshe mara wari, kada a shafa fenti a ciki, ramukan shiga kuma ƙanana, yadda ƙuda zai wuce amma ƙadangare da manyan ƙwari ba za su iya ba.

Ƙudan ba sai ka saya ba, a nan da kansu suke zuwa. In gida ya cika musu tsohuwar sarauniya takan fita da wani kaso su bar wa sabuwa gidan, su ne kake gani sun yi dunƙule a reshe suna jiran masu leƙen asirinsu su samo wuri. Kai aikinka ka sa akwatinka ya yi musu ƙamshin gida. Ka nemi kakin zuma na gaske ka narka, ka zana layi siriri a tsakiyar kowace sanda ta ƙasa, a kan layin nan za su fara gini, ka goga sauran a ciki da bakin ƙofa, in ka sami ganyen lemun giras ka murza a ciki don ƙamshinsa ya yi kama da wanda suke fitarwa in suna kiran junansu. Kada ka zuba zuma ko sukari a matsayin tarko, tururuwa za ka tara. A wajenmu daga ƙarshen damina, Oktoba zuwa Disamba, an fi samun shiga, amma in furen mangwaro da ɗorawa ya buɗe ma ana samu.

Ka fara da biyu ko uku. Ɗaya kaɗai ba ya koyar da mutum, don ba ka da abin da za ka gwada shi da shi, kuma namu suna da halin ƙaura, in tururuwa ta dame su ko zafi ko yunwa sai ka wayi gari sun kwashe gaba ɗaya sun bar maka akwati wayam. Ka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe daidai ƙugunka a inuwa, kowace ƙafa a cikin gwangwani da baƙin mai, ka share ciyawar da za ta taɓa akwatin. Kafin duk wannan ka sayi rigar kariya mai hula da raga, fara ko mai haske, safar hannu, rambut, da abin hura hayaƙi. In kuɗin bai kai na duka ba ka rage akwati ka sayi riga. Kuma ka sa a ranka shekarar farko mai yiwuwa ba za ka ɗebi komai ba, gini suke yi.

Ɗan_Maradi ya rubuta:

Salamu alaikum. Malam Mai_Akwati Allah shi ƙara sani, duk abin da ka faɗi gaskiya ne, amma ni ina so in tsaya ma amya kaɗan don na ga kamar an wuce ta ba a ko gaishe ta ba. Mu nan wajen Madarunfa da ita muka tashi, tsohonmu shi ka saƙa kayanshi da hannunshi, ciyawar gamba ce ake saƙawa doguwa mai baki biyu, a shafe ta da kashin shanu a bari ta bushe ƙamas. Abin da ba ni mancewa shi ne turarawa. Sai ya haƙa ɗan rami ya zuba garwashi, ya sa guntayen tsohuwar saƙa da wasu saiwoyi da ganye masu ƙamshi da shi kaɗai ya san haɗinsu, ya kifa bakin amyar bisa ramin ya toshe ɗayan bakin, hayaƙin ya yi ta shiga har ciyawar ta sha, in ka shinshina bayan kwanaki ƙamshin na nan. Sannan a hau da ita bisa gawo ko ɗorawa a ɗaure a cikin rassa da igiyar kaba. Kuɗin da aka kashe bai taka kara ya karya ba, ba kafinta ba ƙusa. Talaka na ƙauye wanga shi ne abin da ya iya, kuma da ita aka yi ta ciyar da kasuwanni da zuma tun kaka da kakanni, har wasu garuruwa Sarkin Zuma gare su.

Abin da nike so ƙanena mai tambaya ya ɗauka wurin tsofaffin ga shi ne sanin itace. Su ba su duba kalanda, icce suke dubawa. Sun san magarya da kurna suna fure wajen ƙarshen damina, sun san gawo shi sai ruwa ya ɗauke yake fidda ganye da fure lokacin da sauran daji ke bushewa, sannan kaɗanya da mangwaro cikin sanyi, ɗorawa da darbejiya in zafi ya fara. Wanda ya san wannan jeri ya san yaushe ƙudanshi ke cikin wadata da yaushe suke cikin yunwa. Kuma ku duba wani abu, zumar sidir da ake kawowa daga Yaman, ta kwarin Do'an a Hadaramaut, da alhazai ke saye da tsada a Makka da Madina, daga furen dangin kurna da magarya take, itacen da ke ƙofar gidajenmu awaki na cin ganyenshi.

Inda ba ni kare gargajiya shi ne wuta. Da yawa in za su ɗiba da dare suke hawa da damin kara mai ci, su babbake ƙudan, su kwashe komai har da saƙar 'ya'ya, a matse gaba ɗaya a tukunya wani ma ya ɗora bisa murhu. Zumar da ka ce tana warin hayaƙi ke nan, baƙa mai toka a ciki. Ga asarar gida guda, ga gobarar daji da ake tadawa, kuma akwai hadisin Ibn Abbas a cikin Abu Dawud da Annabi (SAW) ya hana kashe halittu huɗu, ƙudan zuma na cikinsu. Tsohonmu bai yin haka, ta baya yake buɗewa da hayaƙin busasshen kashin shanu, ya yanki farar saƙa ya bar musu ta gaba ya rufe, amya ɗaya sai ta yi shekaru ƙudanta ba su tashi ba. To ka yi akwatinka, amma ka nemi dattijo mai amya a ƙauyen da ke kusa da lambunku ka kai mishi goro ka zauna ka saurara.

Umman_Yara ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba na kiwo, ma'aikaciyar jinya ce, amma zuma ba ta yankewa a gidana kuma akwai abin da nake so in faɗa tun da an taɓo maganar sha.

Na farko dan girman Allah, in Allah ya ba ka zumarka kada murna ta sa a lasa wa jariri. Yaron da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma ko ɗigo, komai kyanta, ko daga akwatinka ta fito. Akan sami ƙwayar wata cuta a cikinta da hanjin babba ya fi ƙarfinta amma na jariri bai yi ƙwari ba, sai ta tsiro a cikinsa ta saki guba, yaro ya kasa kashi, ya kasa tsotso, kukansa ya yi rauni, wuya ya saki, in ba a yi sauri ba har numfashi take taɓawa. Tafasa zumar a gida ba ya kashe ta. Na san al'adarmu ce kakanni su ɗiga wa sabon haihuwa zuma a baki ko a haɗa da ruwan rubutu, da kyakkyawar niyya suke yi, amma abin da ya zo a hadisi da dabino Annabi (SAW) ya yi wa jarirai. Ku yi wa iyayenmu bayani cikin ladabi, suna ji.

Na biyu harbi. An ce ba a shan zuma sai an sha harbi, haka ne, kumburi da zafi a inda aka harba ba komai ba ne, ka kankare ƙarin da farce ko gefen kati da sauri ka sa ruwan sanyi. Amma in mutum ya fara jin maƙogwaro na shaƙewa, leɓe da fuska sun kumbura alhali a hannu aka harbe shi, ko jiki ya feso da borin jini, ko jiri da haki, wannan ba na jiƙo ba ne ba na a jira a gani ba ne, asibiti kai tsaye, allurar adirenalin ake yi. Shi ya sa kada ka riƙa zuwa buɗe akwati kai kaɗai, ka tafi da wani kuma mashin na kusa. Sannan Hajiya in tana da ciwon suga a gaya wa likitanta tana shan zuma, don har yanzu mutane na cewa ai zuma ba ta tayar da suga, tana tayarwa.

Maganar gane ta gaskiya kuwa, wannan gwaje-gwajen da masu talla ke yi a tasha, a tsoma ashana a kyasta, a ɗiga a ruwa, a ce kiyashi ba ya hawa, ba sa tabbatar da komai, sukarin da aka dafa ya yi kauri zai ci duk jarrabawar nan, kiyashi kuwa yana shan zuma ta gaskiya sarai. Kuma mutane na mayar da zuma wai ta daskare ta yi tsaki-tsaki an haɗa da sukari, alhali zuma mai kyau ma tana yin haka musamman da sanyi, ka sa gorar a ruwan ɗumi ta narke. Launi ma daga fure ne, wata fara wata ja wata baƙa, ta darbejiya har ɗan ɗaci take yi. Wadda ta yi maka kumfa ɗanya aka ɗebo ko an ƙara ruwa. Shi ya sa iyayenmu in za su yi alkaki da nakiya na gara ba sa sayen tatacciya, da saƙarta suke sa a kawo su tace da kansu, alkakin da aka tsoma a irin wannan sai ya daɗe a kwalla bai canza ba. In ka fara samu ka tuna da mu, masu nema da saƙa suna da yawa.

Sabon_Shiga ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka muku da alheri, ban zaci zan sami bayani haka ba. Anti Umman_Yara wannan magana ta jarirai yau ɗin nan zan kai ta gida don matar ƙanena ta kusa. Yaya Ɗan_Maradi akwai wani dattijo da nake ganin amyoyinsa a kan ɗorawa a ƙauyen da ke gaba da mu, insha Allah zan je in gaishe shi.

Sauran tambaya biyu. Maƙwabcinmu na gabas wake yake shukawa kuma yana feshi sosai, wannan ba zai kashe su ba? Rafin kuma yana ƙafewa wajen Fabrairu. Sannan yaya ake sanin lokacin ɗiba ya yi? Sai kuma malamai a cikinmu, zuma ana fitar mata da zakka?

Almajirin_Zaure ya rubuta:

Wa'alaikumus salam. A kan zakka malamai sun yi saɓani. Imam Malik, wanda mazhabarsa muke bi a nan, da Imam Shafi'i suna ganin babu zakka a kan ita zumar kanta. Imam Abu Hanifa da Imam Ahmad suna ganin ana fitar da ushuri, wato ɗaya cikin goma. Amma in ka sayar kuɗin ya haɗu da sauran dukiyarka ya kai nisabi shekara ta zagayo a kansa, wannan zakkar kuɗi ce, ba ta faɗuwa. Mai akwati biyu ko uku dai abin da zan ce masa, ranar ɗiba ya cika 'yan kwalabe ya aika wa maƙwabtan lambu da makiyayan nan da ya ambata, don furen gonakinsu ma an sha, kuma wanda ya ɗanɗani zumarka ba zai yi saurin kai ƙararka wajen mai unguwa ba in ƙuda ya harbi ɗansa.

Kuma ina taya ka murna da wannan niyya. Sura guda Allah ya sanya wa sunan wannan halitta, Suratun Nahl, ta 16, a aya ta 68 da 69 ya ambaci gidajensu a duwatsu da itatuwa da abin da mutane ke ginawa, ka ga amya da akwati sun shiga, ya ce a cikin abin da ke fita daga cikinsu akwai waraka ga mutane. Hadisin mutumin da ɗan'uwansa ke ciwon ciki Annabi (SAW) ya yi ta ce masa ya shayar da shi zuma yana cikin Bukhari da Muslim. Sai dai ina goyon bayan 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya, waraka ba ta nufin a bar asibiti, kuma masu cika kwalba da ruwan sukari su rubuta aya a jiki su ji tsoron Allah.

Mai_Akwati ya rubuta:

Ɗan_Maradi na karɓi gyara, kuma maganarka ta tuna min wani abu. Abin da ya sa amya ke saurin kamawa a sama take, ƙudan da ke neman gida sun fi son wuri mai tsayi. To Malam ka sa kafinta ya yi maka ɗan ƙaramin akwati mai ɗaukar sanda biyar ko shida, awonsu ɗaya da na babban, ka shafa kaki ka rataye a kan ɗorawar nan, in suka shiga suka fara gini sai ka sauke da dare ka mayar da sandunan cikin babban akwati. Amma babban ya kasance a gindin bishiyar ko dab da ita, don suna haddace wurin gidansu, in ka matsar da su can tsakiyar lambu a tashi ɗaya masu fita kiwo tsohon wurin za su yi ta komawa.

Feshin wake matsala ce babba, ya fi tururuwa da ɓarawo kashe mana ƙuda, za ka zo da safe ka tarar da gawarwaki tuli a ƙofar akwati wasu na ta juyi a ƙasa. Ba ka da ikon hana mutum feshin gonarsa, amma ka roƙe shi ya riƙa yi da yamma liƙis bayan ƙudan sun koma gida, kuma ya yi maka waya kwana ɗaya kafin ya yi. Ka nuna masa shi ma yana da riba, amfanin gona irin su riɗi da kabewa da kankana da shi kansa mangwaro suna ƙara 'ya'ya in ƙuda na yawo a furensu. Ruwa kuwa dole ka tanada tun kafin rafin ya ƙafe, in ba haka ba rijiyar mutane da wurin shan dabbobi za su koma kuma in suka saba da wuri da wuya ka canza musu. Tsohon baho ya isa, ka zuba duwatsu da 'yan karare a ciki yadda za su sauka ba su nutse ba, kada ka bari ya bushe ko na yini ɗaya a watan Maris da Afrilu, da ruwan suke sanyaya gida.

Ɗiba a nan yawanci daga Maris zuwa Mayu ne kafin ruwa ya zauna. Alamarta akwatin ya yi nauyi in ka ɗan ɗaga bayansa, ga ƙamshi. Ka je da yamma dab da magariba, ba turare a jikinka, ka kunna busasshen kashin shanu ko totuwar masara a abin hayaƙi, hayaƙin ya zama fari mai sanyi, ka busa kaɗan a ƙofa ka ɗan jira, sannan ka buɗe ta baya don 'ya'ya da sarauniya suna wajen ƙofa, zuma tana can ƙarshe. Saƙar da za ka yanka ita ce wadda suka liƙe ramukanta da farin kaki, aƙalla kashi uku cikin huɗu a rufe, wannan ta nuna, ruwan da ke cikinta bai kai kashi 20 cikin 100 ba shi ya sa ba ta tsami. Wadda ke buɗe tana ƙyalli ka mayar musu. Wadda murfinta ya yi ruwan ƙasa kuma ta wajen ƙofa 'ya'ya ne, kada ka taɓa. Ka share ƙudan da gashin kaza ko ganye mai laushi, ka yanka ka bar kamar faɗin yatsa a jikin sandar don su ɗora sabon gini a kai, ka jefa a bokiti mai murfi ka rufe nan take. Kada ka kwashe duka, damina lokacin yunwarsu ne. In ɗaya ta harbe ka a safar hannu ka busa hayaƙi a wurin, don warin harbin ne ke kiran sauran.

A gida ka farfasa saƙar ka zuba a kan tsabtataccen yadi mai shara-shara a bakin bokiti busasshe, a ɗaki rufaffe, ta kwana tana tsiyaya da kanta, ba wuta ba ruwa. Tukar da ta rage kada ka zubar, ka sa a ruwan zafi ta narke ka tace, in ta huce kakin zai taso sama ya daskare, shi za ka shafa wa sababbin sanduna, ragowar masu man shafawa da dukawa suna saya. Kuma tunda kana kusa da Samaru ka leƙa cibiyar NAERLS ta jami'ar Ahmadu Bello, aikinsu ke nan wayar da kan manoma, ka tambayi ɓangaren da ya shafi kiwon zuma. Ka yi ƙoƙari akwatunan su kasance a lambu da kakinsu kafin Satumba ta ƙare, in kafinta ya gama ka ɗauko hoton sandunan a jere ka sa mana a nan mu duba ko akwai inda haske ke ratsawa a tsakaninsu.